Ɗakin da Ba a Sa wa Turare Ba

Ko da zan manta da sunan unguwar da aka haife ni, ba zan taɓa mantawa da ranar bikin ƙanwar mijina a Chetimari ba. Har yau in abin ya faɗo mini, ko a biro, wato ofis, nake ina tsakiyar buga takarda, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, in kai hannu in rufe fuska kamar akwai mai kallona. Abokiyar aikina ta saba, in ta ga haka sai ta ce, "Chetimari ce ta sake zuwa?" In ce mata ita ce.

Ni ƴar Damagaram ce, aikin sakatariya ya kawo ni Diffa, a nan na haɗu da Bukar, Babarbare, ɗan gidan manoman tattasai na bakin kogin Komadugu. Allah ya ba mu ƴa mace aka sa mata sunan mahaifiyarsa, shi ya sa muke kiranta Yagana. Ita kuwa mai sunan, Iya kowa yake ce mata.

Yagana tana wata huɗu fatarta ta fara bushewa. Kumatu, wuya, bayan gwiwa, lanƙwasar hannu, duk suka yi ja suna tsagewa. Yarinya ta dinga susa har jini ya fito, tana kuka ina kuka. Na yanke mata farce, na ɗinka mata safar hannu da tsohon zanena, ta koyi cire ta da baki. Shawara kuwa na sha ta har ta gundure ni. Wannan ta ce ƙazwa ce, waccan ta ce nonona ne yake da zafi, wata a kasuwa da ban taɓa gani ba ta ɗaga rigar yarinyar ta ce baki ne ya kama ta. Da muka kai ta wurin lokotoro a asibiti ya ce kirci ne, ba ya yaɗuwa, amma ba ya son sabulu mai ƙamshi, ba ya son humra, ba ya son hayaƙin turaren wuta. Ya ce a dinga shafa mata man kaɗanya safe da rana da yamma.

Wannan duk mai sauƙi ne. Tana shekara ɗaya da ƴan watanni maƙwabciyarmu ta ba ta guntun ƙuli-ƙuli ta tsotsa. Kafin in gama shanya leɓenta ya kumbura, jikinta ya yi ruɗu-ruɗu, numfashinta ya koma fito. A kan kabu-kabu na kai ta likita ba takalmi a ƙafata. Ranar aka gaya mana jininta ba ya karɓar gujiya (gyaɗa, in ji ƴan'uwanmu na ƙetaren kogi), ko ɗigonta ne, kuma wata rana abin yana iya toshe mata maƙogwaro. Aka ba mu siro, maganin sha na borin jini, aka ce kada mu je ko'ina ba shi.

Ku da kuke cin gujiya hankali kwance ba ku san wuraren da take ɓuya ba. Tana cikin man girki, tana cikin yaji, tana cikin tsire, tana cikin kwaɗon zogale, tana cikin kunu, tana tafin hannun duk wata tsohuwa mai son yara. Sai na zama jami'ar duwan, wato kwastan, a gidana. Kwano bai shiga sai na buɗe, baƙo bai ɗauki Yagana sai ya wanke hannu ina tsaye. Har takarda na buga a biro, da Faransanci da Hausa, cewa kada a ba yarinyar nan komai, ina maƙala mata a riga da fil in za mu fita. (Tsofaffin da nake tsoro ba sa karanta ko ɗaya daga cikin biyun, amma ni dai raina yana sanyi in na ga takardar tana reto.) Mutane suka fara cewa matar Bukar ta cika iyayi. Na ji, ban damu ba, don ba su ne suka hau kabu-kabun nan ba.

Tsakanina da Iya kuwa ba faɗa, ba kuma daɗi. Mace ce marar yawan magana. Ranar da na zauna na yi mata dogon bayani a kan gujiya da turare, ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "A zamaninmu ba mu san wannan ba." Sannan ta ce, "To." Shi ke nan. Ni kuwa na ɗauki wannan "to" na ƙulle a bakin zane shekara guda cur. Na yanke hukunci cewa tsohuwar nan ba ta yarda ba, kallon mai ƙirƙirar ciwo take yi mini, kuma duk ranar da na juya baya za ta gwada. Da bikin ya matso na kira Aisa, yayar Bukar, na jero mata dokoki ɗaya bayan ɗaya kamar ina karanta sanarwa a rediyo. Ta ce za ta faɗa wa Iya. Na ce a raina, ku faɗa ko ku bari, idona biyu.

Yanzu sai in faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin, har Bukar. Ina son kilishi. Ba so na hankali ba. Ni da aka raina a Damagaram, shekara biyu gujiya ba ta shiga gidana ba, kilishi kuwa kun san da tunkuzar gujiya ake yi masa labu. Ana saura sati guda biki yayata ta aiko mini da ƙunshi guda a motar fasinja. Ban kai shi gida ba, na ɓoye a durowar biro. In an tashi cin abincin rana in ɓalli kaɗan, in wanke hannu da sabulu sau uku, in kurkure baki, in koma gida da fuskar salihai. Ranar Juma'a na ce kada ɓeraye su cinye mini saura kafin Litinin, na jefa shi a jaka. Washegari muka kama hanyar Chetimari da jakar a cinyata. Na daɗe ina cewa mantawa na yi yana ciki. Ban manta ba.

Wanda bai zauna da Barebari ba sai an yi masa bayani: a wurinsu turaren wuta shi ne sannu da zuwa. Kafin a kawo miki ruwa an kawo miki kasko, hayaƙi ya shiga zanenki ya shiga gashinki, ki kwana uku ana jin daga inda kika fito. Baƙuwar da ake ji da ita, da turaren da aka ɓoye a ƙasan akwati ake tarbarta. Iya kuwa ko a cikinsu gwana ce, tun daga zaure ake sanin tana gida.

Muka isa da hantsi. Tun a ƙofa na ji wani abu ya canza amma ban gane ba. Maza suka ja Bukar zuwa rumfarsu, Aisa ta karɓi kayanmu ta wuce da mu gaban taron mata, ta wuce ɗakin Iya, ta wuce rumbun tattasai, har ɗakin ƙarshe na bayan gida. Tabarma sabuwa, katifa da farin zane, randa ƙarama. Ba kasko, ba humra, ba komai. Iya ta shigo ta ce, "Wushe, wushe, kun sha hanya," ta tsuguna ta taɓa kan Yagana ta ce, "Takwarata ta zo." Na shaƙa, na sake shaƙa. Ko ɗigon ƙamshi babu a jikinta. Can aka kawo mana abinci a wata ƴar tukunya a rufe, burabusko da miyar kuka da bandar kifi, alhali ina hango sauran mata sun kewaye manyan faranti suna ci tare suna shewa.

Mai hankali da ta ga wannan ta gane. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni. Na ce wato abin ya kai haka? An kawo mu bayan rumbu an killace kamar masu ƙyanda? Ko kaskon da ake kai wa baƙuwar banza ni ban isa ba? Ni na kafa dokar hana turare, ni kuma nake jin haushin ba a sa mini turare ba, amma da yake na riga na yanke cewa Iya ba ta jin maganata, ko kusa ban haɗa abubuwan biyu ba. Na ture tukunyar gefe na ce wallahi ba zan ci ba.

Yagana ta yi barci saboda gajiyar mota. Ni kuwa ina zaune ina kumbura, yunwa tana cina, ƙamshin miyar yana tsokanata, girman kai ya hana ni buɗe ta. Sai hannuna ya tafi jaka shi kaɗai. Na ce loma ɗaya. Na ɓalli ɗaya, na ɓalli biyu, haushi yana ƙara masa daɗi, har na lashe yatsu. Ina cikin haka Yagana ta farka da kuka tana yagar wuyanta, don zafin rana yana tayar mata da kircin. Na cusa ƙunshin kilishin a jaka da sauri, na goge hannu a zane, na buɗe gwangwanin man kaɗanya. Buta tana waje, ni kuma ina fushi da mutanen waje. Na lakato mai na shafa mata a wuya, a kumatu, a gefen baki inda fatar ta tsage, ina rarrashinta, "Yi shiru ƴar mama, mu ne ba a so a garin nan."

Ban rufe gwangwanin ba Iya ta leƙo. Ta ce, "Ba ni takwarata in nuna wa ƙawayena." Ta kalli tukunyar da ba a taɓa ba, ta kalle ni. Ta ɗauki yarinyar a hannu ɗaya, tukunyar a ɗayan, ta fita. Na so in hana, kunya ta riƙe ni. Na tsaya a bakin ƙofa ina gadi daga nesa.

Ba a jima ba na ji kukan da na sani. Duk uwar da ta taɓa jin irinsa ba ta ɓata shi. Na ruga tsakar gida na iske Yagana a cinyar Iya, cokali a hannun Iya, mata sun fi talatin a kewaye. Fuskar yarinyar ta yi ruɗu-ruɗu, leɓen sama ya fara tashi, ido ɗaya yana rufewa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban iya kwatantawa, kuma ni in tsoro ya kama ni da baki yake fita.

Na ce, "Iya, me kika ba ta?"

Ta ce, "Abincin tukunyarta ne, ƴata. Cokali biyu."

Na ce, "Sau nawa zan faɗa? Na faɗa da baki, na faɗa a waya, na rubuta na maƙala mata a riga. Kun ce iyayi nake yi, to ga iyayin nan ku gani. Gwadawa kike so ki yi ai, kin gwada. In kashe mini ita za ku yi ku huta, ku faɗa mini."

Surukata nake gaya wa haka, a gidanta, ranar auren autarta, gaban ƙawayenta da dangin ango. Kuma ban tsaya nan ba. Na fizge cokalin daga hannunta, na kai hanci kamar wata ƙwararriya, na ɗaga shi sama na ce, "Ga shi nan. Warin gujiya ne wannan, ko a barci na san shi." (Gaskiya na faɗa, na ji warin gujiya sosai. Da yatsun da kuka sani nake riƙe da cokalin.)

Aisa ce ta ce, "Maganin fa? Ina maganinta?" Na rarumo jaka na zura hannu, na kasa gano kwalbar. Sai na kife jakar gaba ɗaya a kan tabarma. Makulli ya faɗo, waya ta faɗo, takardun likita, kwalbar siro ta gangara gaban Iya. Daga ƙarshe, a hankali kamar da gayya, ƙunshin takardar siminti da mai ya huda ya faɗo ya buɗe kansa. Kilishi ja wur, da shatin haƙorana a gefe.

Can wata tsohuwa ta miƙa wuya ta duba, ta ce cikin natsuwa, "Wannan na Damagaram ne." Aisa ta kama hannuna na dama ta kai hancinta, ta kalli kumatun Yagana da ke sheƙin mai, ta sake ni. Da rijiya tana kusa da na shiga na ja murfin.

Iya ko kallon kilishin ba ta yi ba. Ta ɗauki kwalbar ta ce, "Cokali nawa ake ba ta?" Na faɗa da wata murya da ban san ina da ita ba. Ta ba ta, ta sa aka kawo ruwa da sabulun salo ta wanke mata fuska da wuya da hannunta, ta ce a kira Bukar ya kawo mota. Da na miƙa hannu zan karɓi ƴata ta ce, "Wanke tukuna." A ranar duka wannan ce kaɗai maganar da ta yi mini mai kama da faɗa.

A likitar garin (asibiti ke nan), majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya saurari ƙirjin Yagana ya yi mata allura, ya ce mu zauna ya ga yadda numfashin zai yi. Yana rubutu ya ce, "Me ta ci?" Bukar ya kalle ni, don bai san komai ba tukuna. Na buɗe baki, Iya ta riga ni.

Ta ce, "Gujiya ce ta taɓa ta. A gidana ne."

Majo ya ɗan yi mata nasiha irin wadda ake yi wa kakanni, cewa ciwon nan ba wasa ba ne, a dinga jin maganar uwar yarinya. Iya ta sunkuyar da kai tana cewa, "To. To." Irin "to" ɗin nan da na ƙullata shekara guda. Ni kuwa ina gefe ina ji ana yabon kulawata, hawaye yana ɗiga a zanena.

Bayan kamar awa guda kumburin ya fara sauka, Yagana ta nemi ruwa, ta kuma nemi a mayar da ita cinyar Iya. Aisa ta ja ni waje gindin bishiya, ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce tun ranar da na kira ta a waya, Iya ta hana gujiya shiga gidan. Abincin biki duka da man shanu aka yi shi, yajin ma a sabon turmi aka daka ba ƙuli-ƙuli, ƴar tukunyar nan sabuwa ce don kada a ce tsohuwa ta taɓa ganin man gujiya. Amarya da kaskonta da ƙawayenta an mayar da su gidan maƙwabta. Iya da kanta ta wanke zannuwanta sau biyu ta shanya, kwana uku ba ta kusanci turare ba, don ta samu ta ɗauki takwararta. Ɗakin bayan rumbu shi ne mafi nisa da hayaƙin maƙwabta, ita ta share shi.

Aisa ta ce, "Tun safe dangin ango suke gulma, wai gidan biki ba ƙamshi kamar gidan makoki. Wata har ta tambaya ko talauci ne ya kama mu. Iya ta ji, ta ce a bar su."

A lokacin na gane abin da ya canza a ƙofa.

Da muka koma na jira mata suka taru kamar yadda suke ɗazu, don a gabansu na yi, a gabansu ya kamata in gyara. Na durƙusa gaban Iya na ce, "Iya, ki yafe mini. Ni na shafa mata da hannuna, kuma na ɗora miki." Kuka ya ci sauran maganar. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Yaushe rabon gujiya da gidanki?"

Na ce, "Shekara biyu."

Ta juya wurin ƙawayenta ta yi musu magana da Barbarci, suka girgiza kai suna kallona da wani irin tausayi. Aisa ta fassara mini: wai ita kwana uku kawai ta yi ba turare ta ji kamar za ta yi ciwo, yarinyar nan kuwa shekara biyu take tsare da ƙofa ita kaɗai. Sannan Iya ta ce mini da Hausa, "Tsoro ne ya yi magana, ba ke ba. Tashi ki ci abinci, tun safe ba ki ci komai ba." Tsohuwar nan ta ɗazu ta ce, "Ta ci mana." Gidan ya fashe da dariya, har ni, da majina da komai.

Yagana yanzu ta shiga makaranta. Kircin ya ragu, gujiyar tana nan, siro yana jaka. Takardar riga na daina maƙalawa, don in mun je Chetimari Iya ce take tsayawa a zaure tana sa baƙi wanke hannu, kuma ta fi ni tsanani. Matan garin Madam Kilishi suke ce mini, Bukar ma in yana neman tsokana haka yake kirana, na haƙura don na saya da kuɗina. Duk zuwan da za mu yi, in an yi la'asar Iya takan ɗauki takwararta su tafi lambu, ta ce mini maƙwabciya tana son gaisawa da ni. In na shiga in tarar da tabarma, da kasko yana hayaƙi, da ƙunshin takardar siminti, da buta da sabulu da wani zanen canji a gefe.

Abin da na koya bai da yawa. Har yanzu ina binciken tukunyar mutane, wannan ba zan daina ba. Sai dai yanzu da jakata nake farawa. In na dawo daga gidan maƙwabciyar kuwa, Iya tana zaune a bakin ƙofa, hannu kawai take miƙo mini. In ba ta nawa ta shinshina, gaba da baya, sannan ta matsa in wuce.